Ciki Amana Ne: Amsa Ga Mai Tambaya Daga Tarai

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda ya halicci mutum ya kyautata halittarsa, ya ciyar da shi ya kuma shayar da shi. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako. 

A makon nan mun jingine bayanin da mu ke ciki na zakkar amfanin gona, saboda wata wasiƙa da ta iso mana daga garin Tarai na ƙaramar hukumar Kibiya, a ƙasar Rano. Mai wasiƙar ya roƙi a sakaya sunansa, mun kuwa sakaya. Ga taƙaitaccen abin da ya ce. Yayansa ya rasu bayan ƙaramar salla. Tare suka tashi a gona suna noman dawa da gero da gyaɗa, har Allah ya buɗa wa yayan, ya shiga fataucin shinkafa tsakanin Kura da Kano. Ya sayi mota, ya daina tafiyar ƙasa, ya yi jiki ya ajiye tumbi, duk sa'ad da ya zo gida sai mutane su ce, "Alhaji, lalle hutu ya zauna, Allah ya ƙara." Daga baya ya fara ganin jini a bayan gida. Aka ce basir ne. Ya yi ta shan jiƙe-jiƙe da sassaƙe fiye da shekara guda. Sai da ya fara rama, bayan gida ya soma gagararsa, sa'an nan aka kai shi asibiti a Kano, likitoci suka duba suka ce ciwon daji ne na babban hanji, kuma ya riga ya kai hanta. A cikin zantawar da likita ya yi da dangi, ya gaya musu ƙiba da irin abincin da mutum ke ci suna cikin abubuwan da ke buɗe wa wannan ciwo ƙofa. Ya shawarci shi mai wasiƙar ya rage jiki, ya kuma zo a duba shi, tun da ciwon ya kama ɗan'uwansa na jini.

Tambayarsa biyu ce. Ta farko, ashe wannan magana ta likita ba ta ci karo da imani da ƙaddara ba, tun da ajali ba ya gaba ba ya baya? Ta biyu, 'yarsa za ta yi aure bayan kaka, iyaye mata kuwa sun fara ba ta maganin ƙiba domin ta cika ido ranar biki. Ya hana ne, ko ya ƙyale?

Muna yi masa ta'aziyya. Allah ya jiƙan mamacin, ya sa jinyar da ya sha ta zama kaffara, ya ba iyalinsa haƙuri.

Mu fara da ta ƙaddara, domin ita ce tushe. Babu rai da zai mutu sai da izinin Allah, a lokacin da aka rubuta masa, wanda duk ya yi kokwanton wannan ya sake duba imaninsa. Amma Allah da ya ƙaddara al'amura, shi ne kuma ya ƙaddara musu sabubba. Manomin Tarai ya san arziki na Allah ne, duk da haka ba ya kwanciya a ɗaki ran da ruwan shuka ya sauka, ya ce in an rubuta mini dawa za ta zo rumbu da ƙafarta. Yana kai taki, ya yi shuka, ya yi firi ya yi maimai, sa'an nan ya dogara ga Ubangijinsa. Buhari da Muslimu sun ruwaito cewa Sayyidina Umar, Allah ya yarda da shi, ya fita zuwa ƙasar Sham, da ya iso wani wuri da a ke kira Sargu sai Abu Ubaida ɗan Jarrahu da sauran shugabannin runduna suka tarye shi da labarin annoba ta ɓarke a can. Ya yi shawara da manyan sahabbai, ya yanke a koma Madina. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah za a yi. Umar ya amsa masa da cewa daga ƙaddarar Allah su ke gudu zuwa ga ƙaddarar Allah, ya kuma buga masa misali da makiyayin da ya gangara kwari mai gefe biyu da raƙumansa, gefe ɗaya da ɗanyar ciyawa ɗayan kuwa faƙo. Duk inda ya kora su da ƙaddarar Allah ya kora, amma mai hankali ya san inda zai kora. To, likitan nan bai ce ya san ranar mutuwar kowa ba. Gefen da ke da ciyawa ya nuna, ya kuma nuna faƙon.

Ba ma likita ne ya fara wannan magana ba. A cikin suratul A'arafi, aya ta 31, Allah Maɗaukakin Sarki ya halatta mana ci da sha, a cikin ayar kuma ya hana mu wuce iyaka, ya sanar da mu ba ya son masu wuce iyaka. Tirmizi da Ibnu Majah sun ruwaito daga Miƙdamu ɗan Ma'adikariba cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya nuna babu wani mazubi da ɗan Adam ke cikawa da ya fi cikinsa sharri. 'Yan lomomin da za su tsai da bayansa sun ishe shi, in kuwa ya zama dole, to, ya raba cikin uku, kashi guda na abinci, kashi guda na abin sha, kashi guda ya bar wa numfashi. Kowane almajiri ya san wannan hadisi. Amma mu faɗi gaskiya, mu nawa ne mu ke ɗauke hannu daga akushi alhali da sauran wuri? A cikin hadisin Imrana ɗan Husaini kuma, da Annabi ya yabi zamaninsa da waɗanda ke biye, ya siffanta mutanen da za su zo daga baya da cin amana da rashin cika alwashi, ya ƙara da cewa ƙiba za ta bayyana a cikinsu. Ga shi kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a doron ƙasa yana ɗauke da ƙibar da ta wuce kima.

Yaya mutum zai san ya wuce? Likitoci suna da lissafi. A kan auna nauyin mutum da kilo, a auna tsawonsa da mita, a ninka tsawon da kansa, a raba nauyin da abin da ya fito. In amsar ta kai 25 nauyi ya fara yawa, in ta kai 30 ƙiba ce sosai. Watau mutum mai tsawon mita 1.7, in ya haura kilo 72 ya fara wucewa, in ya kai kilo 87 ya shiga ciki. Wanda ba shi da sikeli kuwa ya nemi igiya, ya auna tsawonsa daga ƙasa zuwa ka, ya naɗe ta biyu, ya zagaya cikinsa da ita wajen cibiya. In ba ta haɗu ba, tumbin ya wuce kima, kitsen ciki kuwa shi ne mafi ɓarna.

Mu dai a al'adarmu muna ɗaukar kitsen jiki kamar hatsin da aka ajiye a rumbu, yana nan shiru sai ran da aka bukace shi. Binciken masana ya nuna ba shiru ya ke ba. Jikin mutum an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta, kowace tana rabuwa ta hayayyafa bisa umarni, ta kuma mutu bisa umarni idan ta tsufa ko ta lalace. Ciwon daji, wanda wasu ke kira sankara, shi ne ƙwaya guda ta kangare, ta yi ta hayayyafa ba tsayawa, har ta ci maƙwabtanta ta tsallaka wasu gaɓoɓin. Kitse mai yawa yana taimakon wannan kangara ta hanyoyi da dama. Yana fitar da sinadaran da ke haddasa wani kumburi na ɓoye a cikin jiki, mai ci ta ƙarƙashi kamar wutar ƙaiƙayi, shekara da shekaru. Yana sa sinadarin insulin ya yawaita a cikin jini, shi kuwa insulin, ban da aikinsa na daidaita sukari, yana zuga ƙwayoyin halitta su girma su rabu. A jikin mace kuma, bayan al'ada ta ɗauke mata, kitse ne ke zama babbar maɓuɓɓugar sinadarin mata da a ke kira istirojin, yawansa kuwa yana tunzura ƙwayoyin mama da na bangon mahaifa. A shekarar 2016 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Liyon na ƙasar Faransa, ta tara masana suka bi rahotanni fiye da dubu, suka tabbatar ƙiba tana ƙara haɗarin ciwon daji iri 13. A cikinsu akwai na babban hanji da dubura, da na hanta, da na matsarmama, da na ƙoda, da na maƙoshi, da na mahaifa, da na mama ga matar da ta manyanta.

Sauran abin da na ke so mu tsaya a kansa shi ne wanda ya fi ba ni mamaki, domin yana tuna mini da ayar nan ta 21 a suratuz Zariyati, inda Allah ya nuna cewa a cikin kawunanmu ma akwai ayoyi, ya kuma zarge mu da rashin dubawa. Ɗan'uwa, ka sani ba kai kaɗai ke cin tuwon da ka ci ba. A cikin hanjinka akwai wasu halittu da ido ba ya gani sai da madubin likita, ana kiransu bakteriya. Mu mun saba kiran irinsu ƙwayoyin cuta, amma mafi yawan waɗanda ke zaune a hanji ba masu cuta ba ne, barori ne da Allah ya hore wa mutum. Masana sun ƙiyasta a shekarar 2016 cewa a jikin baligi mai kilo 70 akwai su wajen tiriliyan 38, tiriliyan ɗaya kuwa miliyan ce sau miliyan, galibinsu a cikin babban hanji, duk da haka nauyinsu gaba ɗaya bai wuce giram 200 ba. Jariri yana samun na farkonsu daga mahaifiyarsa tun wajen haihuwa. A cikin nonon uwa kuma an gano wasu nau'o'in sukari da shi jaririn ba ya iya narkar da su, an zuba su ne domin su ciyar da kyawawan bakteriyar cikinsa. Tsarki ya tabbata ga wanda ya ambaci shayarwar shekara biyu cikakku a suratul Baƙara, tun ba a ƙera madubin ba.

Abincin waɗannan barori shi ne abin da cikinka ya kasa narkewa: dusar hatsi, da ɓawon wake, da zare-zaren ganye da na 'ya'yan itace. Idan wannan ya gangara babban hanji sai su dafa shi da irin dahuwarsu, su fitar da wani sinadari da masana ke kira butiret, wanda shi ne babban abincin bangon hanjin, yana ƙarfafa shi, yana kwantar da kumburi, yana kuma taimakawa lalatacciyar ƙwaya ta mutu tun ba ta kangare ba. Idan kuwa aka hana su dusa, aka cika cikin da maiƙo da nama, sai labari ya sha bamban. Hanta takan ƙara kwararo ruwan matsarmama domin narkar da maiƙon, wasu daga cikin bakteriyar su juya wannan ruwa ya zama wani tsami mai ƙuna, ya yi ta gogar bangon hanji, sauransa kuma jini ya kwashe shi ya mayar hanta. A shekarar 2013 masana a ƙasar Japan sun nuna wannan a jikin ɓeraye: waɗanda aka ƙibantar da abinci mai maiƙo, bakteriyar cikinsu ta canza, tsamin nan ya yawaita, ciwon daji ya tsiro musu a hanta, da aka rage bakteriyar da ke yin tsamin sai ciwon ya ragu ƙwarai. A shekarar dai, a birnin Sen Luwis na Amurka, aka nemi tagwaye mata waɗanda ɗaya mai ƙiba ce ɗaya siririya, aka ɗebi bakteriyar hanjin kowace aka zuba wa ɓerayen da aka rena ba su da ko ɗaya a ciki. Abinci iri ɗaya aka ba su, amma waɗanda suka karɓi ta mai ƙibar suka fi tara kitse. Ashe ƙiba tana canza mazauna hanji, su kuma mazauna hanji suna da hannu a ƙiba.

Wani zai ce ai wannan ɓera ne. To, ga na mutane. A shekarar 2015 aka buga sakamakon wani gwaji da aka yi da baƙar fata 20 na birnin Pitsbag a Amurka, da mutanen karkara 20 na lardin Kwazulu a Afirka ta Kudu. Dalilin zaɓensu shi ne ciwon dajin babban hanji yana kama wajen mutum 65 cikin 100,000 na baƙaƙen Amurka, alhali a karkarar Afirka ta Kudu bai kai 5 ba. Aka yi musu musanyar abinci na mako biyu kacal. Aka ba Amurkawan abinci mai dusa irin na masara da wake da ganye, aka ba mutanen karkarar nama da soye-soye irin na Amurka. Da aka leƙa hanjinsu bayan mako biyun, na Amurkawan butiret ya ninka fiye da biyu, tsamin matsarmama ya faɗi, alamun kumburi suka ragu; na mutanen karkarar kuwa komai ya juye ta ɗaya gefen. Mako biyu fa, jama'a. Ina ga shekara ashirin?

Akwai kuma wanda ya fi kusa da mu. A shekarar 2010 masana daga Italiya suka kwatanta yaran birnin Fulorans da yaran wani ƙauye mai suna Bulpon a Burkina Faso, suka tarar yaran ƙauyen sun fi yawan nau'o'in bakteriya masu cin dusa, sun kuma fi yawan sinadaran nan masu kare hanji. Me yaran ke ci? Gero, da dawa, da wake, da ganyen kuka, da ɗorawa. Wannan ai tukunyar kakanninmu ce a Tarai da Kibiya da Rano, ba ragi ba ƙari. Tun a shekarar 1971 wani likitan fiɗa Bature mai suna Denis Burkitt, wanda ya daɗe yana aiki a Uganda, ya rubuta cewa ƙarancin ciwon dajin hanji a ƙauyukan Afirka yana da nasaba da yawan dusar da ke cikin abincinsu. A lokacin da ya ke faɗin haka, mu kuwa muna ɗokin barin wannan abinci.

A nan ne wani hadisi ya kamata ya farkar da mu. Buhari ya ruwaito cewa an tambayi Sahalu ɗan Sa'adu, Allah ya yarda da shi, ko Manzon Allah ya taɓa cin gurasar tataccen gari. Ya amsa cewa bai taɓa ganinta ba tun da aka aiko shi har ya koma ga Ubangijinsa, kuma ba su da rariya a wancan zamani. Aka ce to yaya su ke yi da sha'ir? Ya ce niƙa shi su ke yi su hura, abin da ya tashi ya tashi, sauran su kwaɓa su ci. Ban ce tankaɗe haramun ne ba, babu malamin da ya faɗi haka, kuma rashin wadata yana cikin dalilan wancan hali. Amma ya isa abin lura, mafi darajar halitta da dusarsa ya ke cin hatsi. Mu kuwa yau sai a surfe dawa a wanke ta tas, a kai inji, a tankaɗe, dusar a zuba wa akuya, akuya ta yi sheƙi mai ita yana fama da cushewar ciki. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, noman rani ya bunƙasa a Kura da Bunkure da Garun Malam, shinkafa ta wadata, wannan kuwa ni'ima ce da ta wajaba a gode wa Allah a kanta. Sai dai farar shinkafar da inji ya goge ta bar dusarta a masussuka. Aka haɗa ta da taliya da burodi da lemon kwalba, wanda rabin lita ɗinsa ke ɗauke da sukari fiye da ƙaramin cokali goma, aka kuma sauka daga kan ƙafa aka hau babur ko zuwa masallacin unguwa. Tuwon dawa miyar kuka da daddawa, da dambu da kwaɗon zogale da rama da tafasa, da ɗanwake da fate, da fura da kindirmo, da goruba da kanya da magarya, duk suka zama abincin wanda bai samu ba. Ko azumi, wanda aka shar'anta domin a karya sha'awa, mun mai da buɗa-bakinsa gasar soye-soye, har wani ya fita Ramadan ya fi yadda ya shiga nauyi. Nama halal ne, Annabi ma ya ci, amma cibiyar nan ta Liyon ta bayyana a 2015 cewa naman da aka sarrafa da gishiri ko hayaƙi ko shanya domin ya daɗe, in aka lazimci cinsa kullum, yana ƙara haɗarin ciwon dajin hanji. A ci don marmari, kada a mai da shi tuwo.

Na san akwai mai karatun da zai ce, Malam, mu da mu ke neman na bakin salati, ina mu ina zancen ƙiba? Gaskiyarsa. A ƙauyukanmu har yanzu akwai yaran da tamowa ke kwantarwa, a gari ɗaya da mai tumbin da ba ya iya ruku'u sai da nishi. Wannan kuwa hujja ce a kan mai tumbin, domin an ruwaito gargaɗi mai tsanani ga wanda ya kwana a ƙoshe maƙwabcinsa na jin yunwa yana sane. Lomar da ta wuce kashi ɗaya cikin ukun nan, da an miƙa ta bayan katanga, da ta zama lafiya ga gida biyu.

Sai dai a kiyaye, kada wani ya ɗauki wannan bayani ya mai da shi sandar dukan mutane. Suratul Hujurati ta hana izgili da jifa da miyagun laƙabobi. Wani ƙibarsa gado ce, wani ciwo ne ya jawo masa, wata haihuwa ce ta bar mata. Uwar Muminai A'isha, Allah ya yarda da ita, ta ba da labarin tseren da ta yi da Annabi ta wuce shi, bayan shekaru da ta yi jiki suka sake ya wuce ta, ya yi mata raha cewa ya rama. Babu gori a ciki. Kuma ba duk mai ƙiba ke samun ciwon daji ba, siriri ma yana samu. Ciwon dajin hanta a ƙasar nan galibi daga ciwon hanta na hepatitis B ya ke tasowa, wanda ke da allurar rigakafi, da kuma dafin fumfunar da ke kama gyaɗa da masarar da ba su bushe sosai ba, manoman gyaɗa su lura. Na tumbi kuwa yana da nasaba da wata bakteriya mai suna Helicobacter pylori, wadda likitoci biyu na Ostareliya suka gano a 1982, ita ce kuma ke haddasa yawancin gyambon ciki. Saboda haka babu mai ikon tsayawa a kan kabarin yayan mai tambaya ya ce cinsa ne ya kashe shi. Abin da ilmi ya tabbatar shi ne ƙiba tana ƙara haɗari, rage ta kuwa yana cikin riƙo da sababi.

Abin da ya fi ƙona mini rai a wasiƙar nan shi ne shekarar da aka ɓata ana cewa basir ne. Basir ciwo ne na gaske, har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya yi rubutu a kan magungunansa. Amma mun mai da sunan basir bargo, muna lulluɓe kowace cuta ta ciki da shi, masu lasifika a kasuwa suna cin abinci da kunyarmu. Jini a bayan gida, ko bayan gida ya canza hali na makonni, ko rama ba dalili, ko ƙarancin jini, ko ƙullutu a mama, duk wanda ya ga ɗaya daga cikinsu ya tafi asibiti a duba, ko da yana da yaƙinin basir ne. Ƙiyasin shekarar 2022 ya nuna fiye da mutum 120,000 ne suka kamu da ciwon daji a Nijeriya, kusan 80,000 suka rasu, babban dalilin yawan mutuwar kuwa shi ne zuwa a makare. Na hanji yakan fara ne da ɗan tsiro kamar kaushin fata, ya yi shekaru kafin ya rikiɗe, in an gan shi da wuri ana cire shi a huta. Buɗe al'aura ga likita saboda lalura malamai sun halatta shi gwargwadon lalurar, Annabi kuwa ya umarce mu da neman magani, ya sanar da mu Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Don haka, ɗan'uwa mai tambaya, ka amsa kiran likitan nan. Wanda ciwon ya kama mahaifinsa ko ɗan'uwansa na jini, ana so a fara leƙa hanjinsa daga shekara 40, ko shekara 10 kafin shekarun da ciwon ya bayyana ga ɗan'uwan, duk wanda ya riga zuwa. Ka fara da babban asibitin Rano, in da bukata su tura ka Kano, irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Ka kuma daina sayen kafso a kemis duk sa'ad da cikinka ya murɗa, domin maganin kashe bakteriya ba ya bambanta bara da ɓarawo, a sha shi sai likita ya rubuta.

Game da tambayarka ta biyu, ka hana. Malamai sun yi sauƙi ga mace ta gyara jikinta da abinci na halal saboda mijinta, da sharaɗin kada ya cutar da ita, domin ƙa'idar shari'a ita ce ba a cutar da kai ba a cutar da wani. Ƙwayoyin nan da a ke sayarwa domin ƙiba, waɗanda wasu ke kira sha-ka-fashe, da yawansu magunguna ne masu ƙarfi irin su dexamethasone, da aka yi domin asma da wasu manyan cututtuka. Cikar da su ke kawowa kumburin fuska ne da tara ruwa da kitsen ciki, a bayansa kuma hawan jini da ciwon sukari da raunin ƙashi da karyewar garkuwar jiki. Yarinya amana ce a hannunka, kai za a tambaya. Amma ka bi iyaye matan da lalama, domin ƙauna ce ta sa su, haka su ma aka yi musu ko suka ga ana yi. Ka sami wata dattijuwa da su ke jin maganarta, ko matar liman, ta zaunar da su. In kuwa yarinyar ta riga ta yi makonni tana sha, kada a yanke mata rana ɗaya, domin irin wannan magani tsai da shi farat ɗaya yana iya kayar da mutum. A ɗauki kwalin maganin a tafi da ita asibiti, likita ya tsara yadda za a janye shi a hankali.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan nisabin dawa da gero da shinkafa, da bambancin zakkar noman damina da ta noman rani.